Godiya ga malaman da suka ɗauki jan biro tare da mu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, sakamakon WAEC ya fito, kuma tun ranar wayata ba ta huta ba. Iyaye na kira, tsofaffin ɗalibai na turo saƙo, kowa sai sannu da ƙoƙari Malama, yara sun ci Turanci. Na gode ƙwarai, amma ba na son in ci haƙƙin kowa. Bari in faɗa a nan inda kowa zai gani, a san waɗanda suka yi aikin nan a makarantarmu ta Tudun Wada, Kaduna.

Duk wanda ya taɓa nema wa ɗansa gurbin jami'a ya san sharaɗin: kiredit biyar, dole da Turanci a ciki. Yaro ya kwaso A1 a Kemistiri, in Turanci ya tsaya masa a D7, sai dai ya sake zama, ko KASU, Jami'ar Jihar Kaduna, yake so nan cikin gari ko ABU Zariya. Shekara da shekaru abin da ke kayar mana da yara ke nan, kuma ba don ba su da kai ba. Ka tsayar da yarinya ka tambaye ta da baki, ta zubo maka bayani tiryan-tiryan. Miƙa mata takarda ka ce rubuta abin da kika faɗa yanzun nan, sai ta hau tauna murfin biro. Yini guda yaro na kwafar abin da ke kan allo, ba ya haɗa jimla tasa ta kansa sai an shiga darasin Turanci, sa'an nan ranar jarabawa a ce ya kawo insha'i mai kalmomi 450. Daga ina?

Da na kai maganar taron malamai, roƙona shi ne kowane malami, ko me yake koyarwa, ya ware ƙarshen darasinsa yara su rufe littafi su rubuta abin da suka gane da kalmominsu. Ba kowa ya yi murna ba, kuma ban ga laifinsu ba: aji cike maƙil, ga manhaja ba a gama ba, ga kuma ƙarin littattafan dubawa. Shugaban makaranta ne ya raba gardama, ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a gwada. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. Ba don tsayuwarka ba da maganar ta mutu a ɗakin malamai.

Malam mai Bayoloji, da kai zan fara. Na leƙa ajinka ranar gwajin sitaci, kowane rukuni da yankan doya a gabansa. Aka ɗiga aidin, wurin ya rikiɗe ya koma shuɗi mai duhu kamar baƙi, yara suka ɗauki shewa. Kai kuwa ko murmushi ba ka yi ba, ka ce kowa ya rubuta abu uku a jere: me aka yi, me aka gani, me hakan ke nufi. Wani yaro ya rubuta kalma ɗaya tal ya miƙo. Ka mayar masa ka ce mai duba takarda ba ya nan lokacin da aka ɗiga, da me zai san abin da ya canza launi? Sai da ya sake, ya kawo cikakkiyar jimla. Wallahi abin da nake fama in cusa musu ke nan a darasin auna fahimta, sai ga shi ya shiga ta hanyar doya.

Malam mai Lissafi, kai da ka ce da farko ina ruwan lissafi da insha'i, kai ne daga baya ka fi kowa naci. Ka sa suna rubuta dalilin kowane mataki a gefen aikinsu, har ka gano masu haddace hanya ba tare da sun gane ta ba. Malama mai Tattalin Arziki ta tura su Kasuwar Barci su tambayo farashi, su rubuto rahoton shafi guda kan abin da ya sa kaya suka tashi. Malaman Labarin Ƙasa, Gwamnati, Aikin Gona da Addinin Musulunci, duk na ga jan bironku a littattafan yara. Allah ya saka muku da alheri.

Malaman Hausa kuma godiyarku daban ce. Wasu na ganin darasinku na cike gurbi ne, ni ban yarda ba. Yaron da ya iya jera tunaninsa a insha'in Hausa, ya san inda sakin layi ke farawa da inda yake ƙarewa, rabin aikina kun yi mini. Kun yaƙi rubutun waya, wannan na gutsure kalma da watsi da aya da waƙafi, wanda ya bi yaranmu har cikin takardar jarabawa.

Akwai dattijo guda, tsohon malami mai ritaya da ya daɗe yana duba takardun WAEC, wanda ya riƙa hawo Keke Napep daga Rigasa ranar Asabar, ko sisi bai karɓa ba. Shi ya zaunar da mu, malamai da ɗalibai, ya warware mana yadda ake raba maki 50 na insha'i: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu. A wannan na ƙarshen kowane kuskure rabin maki yake ci, don haka kuskure ashirin sun cinye shi ƙurmus. Ya kuma nuna musu cewa a sashen taƙaitawa, wanda ya kwashi jimlar marubuci ya zuba yadda take ya yi aikin banza. Daga ranar yara suka fara komawa kan abin da suka rubuta kafin su miƙa. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Iyaye, mun san halin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a 2023. Duk da haka kun sayi ƙarin littafin rubutu, iyaye mata kun ɗauke wa 'yan mata wasu ayyukan gida, malaman Islamiyya kuma sun sassauta lokaci ga 'yan aji shida. Na kuma san an yi ta zuga wasunku ku kai yara irin wuraren nan da ake biya a rubuto musu amsa a allo, kuka ƙi. Wannan takardar da ke hannun 'ya'yanku tasu ce, guminsu ne, duk inda aka tsayar da su za su kare ta.

Ɗalibaina, kun yi ta ƙunƙuni kuna cewa an haɗe muku kai, ko'ina aka juya rubutu. Na ji, kuma na yafe. Waɗanda Turanci bai ba su yadda suke so ba, kada kowa ya ɓuya a gida. Sakamakon NECO na nan tafe, akwai kuma jarabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. Ku zo ku same ni mu duba inda aka samu tangarɗa.

Zango mai zuwa in sha Allahu za mu sauko da tsarin har aji uku masu shirin BECE, jarabawar kammala ƙaramar sakandare. Iyayensu a taimaka a tanadi littafin rubutu guda na musamman tun ranar komawa. Malamai kuma shugaba ya yi alkawarin jan biro, kowa ya biya ofis ya karɓi nasa.

Allah ya bar zumunci, ya yi wa yaranmu albarka.

Shugabar sashen Turanci