Buhun duwatsun da na tsince da son zuciya

Tun da labarin nikel ɗin Dangoma ya fito a 2016, sai ya zama ko'ina ka zauna a Kaduna akwai mai dutse a aljihu. Wani kamfanin Ostireliya ne ya ce ya ga ƙananan ƙwallayen nikel, wani ƙarfe mai daraja, a can ƙaramar hukumar Jama'a, shi ke nan kowa ya fara yi wa tsaunin garinsu kallon banki. A ranin da ya biyo baya wani Alhaji ya kira ni, don ya ji na karanta ilimin duwatsu. Ya kwance ƙullin leda, ya zube min wasu baƙaƙen duwatsu masu ɗigon ruwan zinare.

"Ranka ya daɗe, wannan ba zinare ba ne," na ce masa. Na goga ɗaya a bayan fasasshen tangaran, ya bar baƙin zane mai ɗan kore, alhali zinare rawaya yake bari. Na sa wuƙa ta karce shi, na san ba fairait ba ne, dutsen nan mai kama da zinare, don shi ya fi ƙarfin wuƙa. Kalkofairait ne, wato tagulla da ƙarfe da farar wuta a haɗe, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa tagulla ne. Da na kara maganaɗisu, ya ɗan jawo wani ɓangare mai launin ƙasa-ƙasa. Nan gabana ya faɗi, domin firotait ke nan, kuma a Sadbari ta Kanada da Norilsk ta Rasha tare ake samunsa da fentilandait, dutsen da ke ɗauke da nikel.

Inda aka ɗebo su kuwa, mota ta kai mu iyakarta, babur ya karɓa, ƙafa ta ƙarasa. Wani dattijo mafarauci ne ya yi mana jagora.

Irin wannan ma'adini a narkakken dutse yake samuwa tun a can ƙarƙashin ƙasa. Ruwan farar wuta ya rabu da sauran narkakken, ya kwashe nikel da tagulla, ya nutse don ya fi nauyi, kamar yadda tsaki ke kwanciya a gindin kwanon kunu. Saboda haka ba a ko'ina ake nemansa ba, sai a baƙaƙen duwatsu masu nauyi. A sama kuma ba ya ƙyalli. Ruwan sama da iska sun cinye farar wutar tun tuni, sun bar jar tsatsa mai huji-huji kamar saƙar zuma. Wahalar ita ce ƙasarmu cike take da marmara, ita ma ja, ita ma mai huji. Kwana biyu ina fasa marmara ina murna.

Dattijon ne ya gaji da kallona. "Yaro, zo ka ga inda ciyawa ba ta son fita." Na bi shi wani kwazazzabo, ga koren tabo shimfiɗe a jikin dutse kamar a tsohuwar butar tagulla. Malakait ne, alamar akwai tagulla. "Baba, tun yaushe ka san wurin nan?" Ya ce tun yana bin mahaifinsa farauta. Na ɗiga ruwan gwajin nikel a sabon fashi, wanda ke komawa ruwan hoda in akwai shi. Ya koma, amma kaɗan.

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na cika buhu, sai dai duk dutsen da na ɗaga na ga bai ƙyalli ba, jefar da shi nake yi. Ban ma lura ina yi ba. Sakamakon ɗakin gwaji ya fito da kyau ƙwarai, Alhaji ya fara maganar lasisi da hayar katafila, har ya soma kirana Injiniya.

Na kai wa wani tsohon malamina takardar a Zariya, ina jiran yabo. Bai ko gama karantawa ba ya ce, "Yaya ka ɗebi samfurin?" Na faɗa masa. Ya ce to ai idona aka gwada, ba tsaunin ba. Mai sayen hatsi ma hannu yake zurawa har gindin buhu. Ya sa na koma na ja layi a gicciyen jijiyar ma'adinin da ta ratsa dutsen, in sassaƙo dutse daga farko zuwa ƙarshe, mita-mita, mai kyau da mummuna, kowace mita da ledarta da lambarta.

Na koma na yi hakan, kwana huɗu. Ashe jijiyar ba ta fi faɗin tafin hannu ba, hagu da dama duk dutse ne kawai. Da aka haɗa lissafi, abin da ke ciki bai isa ya biya ko gyaran hanyar ba. Abin da ke can ƙasa kuwa sai an sa injin haƙa ya ciro cibiyar dutsen, kuma wannan kuɗi ne da ba na iya ce wa mutum ya zuba a kan tabo ɗaya.

Na je na gaya wa Alhaji da bakina. Ya yi shiru, ya juya dutsen nan na farko a hannunsa, ya ce, "To wancan sakamakon fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wancan laifina ne." Ya biya ni kuɗin tafiya ta biyu cif, bai sake kirana Injiniya ba.