Tara kaɗai ba ta karya babakeren manyan kamfanonin fasaha

Duk sa'ad da rediyo ya ba da labarin cewa Tarayyar Turai ta ci tarar Google ko Apple, mutanenmu a Yamai sukan jinjina yawan kuɗin su wuce. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. A 2017 an ci Google tarar yuro miliyar 2.42 saboda yana ɗora nasa shafin kwatanta farashin kaya a kan na abokan gasarsa a sakamakon bincike, a 2018 kuma aka ƙara masa fiye da miliyar 4 saboda yana tilasta wa masu ƙera waya su saka manhajojinsa a cikin Android. Duk da haka har yau kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a intanet ta hannunsa yake bi.

Dalilin ya fito fili a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da kamfanin. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya kare babakerensa ta haramtacciyar hanya, bayan an nuna wa kotu cewa a 2021 kaɗai ya biya dala miliyar 26.3 ga Apple da Samsung da wasunsu domin ya zama shi ne mutum ke tararwa a wayarsa tun daga kwali. Wanda ke iya fitar da wannan kuɗi a shekara guda don ya tare ƙofa, tarar miliyar biyu ba za ta hana shi barci ba. Mai sayen Tecno ko Itel a Babbar Kasuwa ba ya zaɓar manhajar bincike ko ta taswira, an riga an zaɓa masa, kuma ƙalilan ne ke sanin ana iya canzawa.

Turawa sun gane wannan, shi ya sa suka kafa dokar kasuwannin dijital da ta fara aiki a 2023, wadda ta ware Alphabet (uwar kamfanin Google), Amazon, Apple, ByteDance (mai TikTok), Meta (mai Facebook da WhatsApp) da Microsoft a matsayin masu tsaron ƙofa, ta gindaya musu sharuɗɗa tun kafin su yi laifi. Akwai tara a cikinta, har kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya, kuma a Afrilun 2025 an ci Apple yuro miliyan 500, Meta miliyan 200. Amma sashen da ya fi jan hankalina shi ne wanda ya wajabta wa WhatsApp ya buɗe hanya domin saƙo daga wata manhaja ya iya shigowa cikinsa.

A ƙasarmu WhatsApp ya wuce wurin hira. Ɗan kasuwar albasa na Galmi da saƙon murya yake daidaita farashi da mai saye a Abijan ko Akara, kuma wanda bai iya karatu ba ma da shi yake tafiyar da harkarsa. Ko da wani matashi a Yamai ya ƙera manhajar da ta fi sauƙin cin kiredi, mai magana da Hausa da Zabarmanci, babu mai komawa can, domin abokan cinikinsa da danginsa duk suna wancan gefe. Abin mamaki shi ne mun daɗe da warware irin wannan matsala a harkar salula: mai layin Airtel yana kiran mai Moov ko Zamani ba tare da ya nemi izinin kowa ba, saboda doka ta tilasta wa kamfanonin su haɗa layukansu, hukumar kula da sadarwa ta ARCEP kuma tana sa ido. Ban ga hujjar da za ta sa saƙon intanet ya fita daga wannan ƙa'ida ba, musamman da yake kamfani ɗaya ne, wato Meta na yanzu, ya saye Instagram a 2012, ya saye WhatsApp a 2014 kan dala miliyar 19.

Sai dai wa zai tilasta musu? Najeriya ta gwada. A Yulin 2024 hukumarta ta kula da gasa da kare masu saye ta ci Meta tarar dala miliyan 220, daga baya kamfanin ya yi barazanar rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Idan ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ta ji irin wannan amsa, Nijar ita kaɗai ba za ta samu ko kunnen saurare ba. Hukumar gasa ta CEDEAO da ke Banjul kuwa ba tamu ba ce tun ficewarmu a Janairun 2025.

Abin da ya rage a hannunmu shi ne UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa. Ƙasashe takwas ne, suna da dokokin gasa na bai ɗaya tun 2002, kuma hukumar ƙungiyar da ke Wagadugu ce ke da hurumin hukunta kamfanin da ya yi amfani da ƙarfinsa ya danne wasu. An rubuta waɗannan dokoki ne da siminti da sukari da sufuri a zuciya, lokacin da babu Facebook ma, don haka suna buƙatar gyara. A ganina buƙatar farko da ya kamata wakilanmu su kai can mai sauƙi ce: duk sharaɗin da Meta ko Google suka amince da shi a Turai, su aiwatar da shi a nan ma, tunda injiniyoyinsu sun riga sun gama aikin kuma kuɗin yinsa ya riga ya fita.