Wuri muke sayarwa a cikin kwantena

Ƙaramin kamfani gare ni na haɗa kayan mutane daban-daban a kwantena ɗaya a tura su ta jirgin ruwa. Mai kwali goma ba zai ɗauki kwantena sukutum ba, sai ya sayi gurbi a wurinmu. Shi ya sa tef ɗin awo ya fi sikeli aiki a shagona.

Awon kansa ba wuya. Tsawo sau faɗi sau tsayi, shi ke nan. Inda ake tafka asara shi ne wurin sauya ma'auni, domin abokan hulɗarmu na Amurka da inci da ƙafa suke aiko lissafi, kamfanonin jiragen ruwa kuwa da mita kubik (CBM) suke cajinmu, wato wuri mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi.

Ɗauki kwali mai inci 24 da 18 da 18. In ka ninka, 7,776 ne. Yaron da ya fara aiki jiya zai raba da 12, tunda inci 12 ne ƙafa ɗaya. Amma akwati ta fuska uku yake cin wuri, don haka 12 sau 12 sau 12 ake nema, wato 1,728. Kwalin nan ƙafa kubik 4.5 ne. Guda 40 irinsa sun zama 180.

Haka tarkon yake a mita. Mita ɗaya ƙafa 3.28 ce a tsawo, amma mita kubik ɗaya ƙafa kubik 35.3 ce. Kwalayen nan 40 ba su wuce CBM 5.1 ba. Wanda ya raba 180 ɗin da 3.28 zai fito da kusan 55, ya caji mutum kuɗin da ya haura na kwantena mai ƙafa 20 gaba ɗayanta, wadda cikinta bai fi CBM 33 ba. Ko 33 ɗin ma a takarda ne. Kwalaye ba ruwa ba ne da za su cike kowane lungu, in ka samu 28 ka gode Allah.

Dokata ga ma'aikata ita ce a mayar da ɓangarorin uku ma'auni ɗaya kafin a ninka, kuma kada a datse ɗigon lissafi sai a ƙarshe. Kwalin da na ambata CBM 0.127 ne. Ka ce 0.1 don sauƙi, ka ninka da 40, ka samu 4, fiye da mita kubik guda ta tafi a banza, kuma daga aljihunka za ta fita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne cif, tun yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1959, don haka babu dalilin kintace.

Gardamar da muka fi sha da masu kaya ita ce ta kumburi. Mutum ya cusa tufafi har cikin kwali ya turo, sannan ya nuna maka awon da aka buga a jikinsa. Mu daga inda ya fi turowa muke aunawa, domin nan ne kwalin maƙwabcinsa zai tsaya. Kujera ma haka, har iskar da ke tsakanin ƙafafunta sai an biya, sai dai in mai ita ya yarda a kwance ta.

Kaya masu nauyi irin su tayil kuwa sai mun ɗora a sikeli, domin jirgin ruwa yana kwatanta CBM ɗaya da kilo 1,000 ne, ya caji wanda ya fi yawa.