Rabin milimitar ƙarshe

Duk adon da za a yi wa ƙafar kujera a kan injin juya katako, ido ne ke yanke masa hukunci, ido kuwa yana da sassauci. Harshen da ke ƙarshen sandar, wanda zai shiga ramin da aka huda, ba haka yake ba. In ramin milimita 16 ne, to harshen ma ya zama 16. Ya gaza da rabin milimita, kujera za ta fara rawa, kuma gam ba ya cike irin wannan gurbi ya daɗe.

Abin da aikin ya fara koya mini shi ne ƙarfin damtse ba ya riƙe kurfi. Ƙarfen da ake ɗora shi a kai ne ke ɗaukar nauyin. Ana matso da ƙarfen kusa da katako, tazarar milimita 3 zuwa 6, a juya sandar da hannu a ga ba ta gogarsa, sannan a kunna inji. Kurfi ya zauna kan ƙarfen tukuna. Sai bayan bakinsa, wato fuskar da aka wasa, ya kwanta a jikin katako ba tare da ya yanki komai ba, a riƙa ɗaga ƙota a hankali har ɓawo ya soma fita siri-siri. Wanda ya tura kaifi kai tsaye, katako zai cafke bakin kurfin ya fizge shi, ya bar masa rami a inda ba a so. Ƙota kuma a manne take da ƙugu, jiki ne ke tafiya gaba ɗaya daga ƙafa zuwa ƙafa, gwiwar hannu ba ta yawo.

Siririn kurfin da ake tsaga iyaka da shi yana da nasa halin. In ya nutsa a tsaga ɗaya sai gefunansa su matse, ya yi zafi, ya ƙona katako. Maganinsa a ƙara wata tsaga dab da ta farko domin ya sami wurin motsi.

Wajen awo, na fi yarda da guntun katakon da na huda da ƙarfen hudar da zan huda ainihin ramin da shi, ina gwada harshen a ciki. Wasu kan riƙe spana mai daidai girman suna gwadawa a bayan sandar, da ta zame ta shiga sai su dakata, kuma dabara ce mai kyau. Sai dai kowanne aka bi, daga milimita ɗaya ta rage, a daina sauri. A ɗan shafa, a kashe inji, a gwada. Samfefa ba ta gyara harshe, kumbura tsakiyarsa take yi ta cinye baki.

Akwai kuma abin da ba ya hannun mai kurfi. Ɗanyen katako in yana bushewa ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare, shi ya sa harshen da ya fito zagayayye yau zai koma kamar ƙwai. Masu kujera kan busar da sandar sosai, fiye da katakon da ke da ramin, sannan su yi yankan ƙarshe, ta yadda in ya shiga zai sha danshi ya kumbura ya kama. Kafaɗar harshen kuma, wato inda kaurin sandar ya tsaya harshen ya fara, a ɗan zurfafa ta ciki, domin bakinta na waje ya zauna lif a jikin katako ba a ga tsaga ba.