Ƙaiƙayin da na yi ta kira sanyi

Cikin watan Yuni abin ya same ni, lokacin da ruwan Legas kan wuni ya kwana yana zuba. Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12, ina zaune a Agege, kuma duk wanda ya san wannan hanyar ya san zaman motar haya ta danfo da gumi da jiƙaƙƙen wando. Da fari ƙaiƙayi ne kawai a kan gabana. Kafin kwana huɗu wurin ya yi ja, ya feso da ƙananan ɗigo-ɗigo, da safe kuma in ga wani farin abu kamar kindirmo ya taru a gefen kaciya. Idan na yi fitsari sai raɗaɗi, ba daga ciki ba, a fatar da fitsarin ya taɓa.

Ban gaya wa kowa ba. Mu a wajenmu duk ciwon da ke ƙasan cibiya sunansa ɗaya, sanyi, kuma kalmar ba ta zuwa ita kaɗai, da zargi take tafe. Na san ban je ko'ina ba, na kuma san iyalina, amma sai da zuciya ta yi ta saƙa mini abin da har yau nake neman gafarar Allah a kansa.

Kemis na fara zuwa, wani da ke nesa da unguwarmu don kada a gan ni. Na rage murya na ce maganin sanyi nake so. Bai tambaye ni komai ba, ya ƙirgo mini kafso na kwana biyar, ya haɗa da man shafawa irin wanda ake cewa yana da haɗin magani uku. Kwana biyu na ji sauƙi har na ce an wuce wurin. Ashe ba a fara ba. Abin ya dawo da ƙarfinsa, ya gangara matsematsina, fatar ta fara tsagewa. Na ƙara da gorar jiƙo daga masu lasifika na tasha, ban samu komai ba sai gudawa.

Uwargida ce ta katse abin. Wani dare ta ce, "Maigida, wannan susar da kake yi ba ta lafiya ba ce. Na yi shiru ne in ga ko za ka faɗa." Da na kwatanta mata, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ita ma ta yi irinsa lokacin da take da cikin autarmu, a wajen awo aka ba ta magani, mata sun san shi sarai. Washegari ta tsaya a kaina sai da na tafi asibitin gwamnati.

Likitan ya duba, sannan ya yi mini tambayar da ban ga haɗinta da abin da ya kawo ni ba: sau nawa nake tashi fitsari da dare, kuma ina yawan jin ƙishirwa? Na ce sau uku ko huɗu, ruwan leda kuwa ba na ƙirga wanda nake sha. Ya gyaɗa kai. Ya ce abin da ke jikina wata ƙwaya ce da ake kira kandida, dangin funfunar da ke fitowa a kan burodi. Tana zaune a fata da baki da hanjin masu lafiya ba ta cutar da su, sai ta samu ɗumi da danshi da zaƙi take yaɗuwa. Ta fi kama marasa kaciya, amma mai kaciya bai tsira ba. Ba a lissafa ta cikin cututtukan da sai ta hanyar saduwa ake ɗauka, ko da yake miji da mata kan iya shafa wa juna.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jin cewa da hannuna na ciyar da ita. Kafson da na sha antibayotik ne, aikinsa kashe bakteriya, har da masu amfani da ke taka wa kandida birki. Shi kuma man shafawar akwai sinadarin steroid a cikinsa, yana kwantar da ja da ƙaiƙayi amma yana raunana garkuwar fatar. Ya kuma bambance mini: wanda muke nufi da sanyi na ainihi, wato gonoriya, mugunya yake fitarwa daga bututun fitsari, zafinsa kuma daga ciki yake. Maganinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Ya rubuta mini man clotrimazole, in shafa safe da dare har mako biyu ko da na ga ya warke, da ƙwayar fluconazole mai 150mg guda ɗaya tak. Ya ce in ƙaurace wa shimfiɗa sai fatar ta haɗe, ya kuma ja kunnena cewa man yana lalata kororon roba. Uwargida ba sai ta sha komai ba tunda ba ta jin alama. Aka ɗebi jinina don gwajin HIV, ya fito lafiya lau. Sai aka ce in dawo da safe ban ci komai ba a auna suga.

Nan ne aka gano gindin maganar. Wanda ya kwana bai ci ba, in awon sugan jininsa ya kai 126 a ma'aunin mg/dL, ciwon suga ne. Nawa ya wuce nan da nisa, aka maimaita wata rana ya sake nuna haka. Sugan da ke fita cikin fitsarina shi ne abincin kandidar. Shekarata 44, kuma da ba don wannan ƙaiƙayin ba, ban san yaushe zan sani ba.

Cikin kwana biyar ƙaiƙayin ya tafi. Gyaran ɗabi'a ne ya fi wuya. Mu masu tsarki da ruwa sau da yawa a wuni, kusan kowa yana tashi ya ja wando a kan jiƙa, ya wuni a haka cikin zafin Legas. Yanzu ina yawo da ɗan ƙyalle mai tsabta a aljihu, ina tsane jikina. Na watsar da gajerun wanduna na roba na koma na auduga, ina sauyawa kullum, in ruwa ya doke ni sau biyu. Na daina ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka, don likita ya ce ƙara ƙona wurin yake yi, ruwa zalla ya isa. Mai shayin layinmu ya daɗe yana mamakin yadda mai cokali huɗu ya koma shan shayi babu suga. Lemon kwalba kuwa mun rabu, ga maganin suga da nake sha kullum.

A makon na kira yayana a Aliero, domin na tuna yadda marigayi mahaifinmu yake kwana da buta a ƙofar ɗaki. Na ce, "Yaya, don Allah ka shiga Birnin Kebbi a auna maka suga." Ya tambaye ni me ya kawo maganar, na zayyana masa komai tun daga ƙaiƙayin. Ya yi shiru, can ya ce ranar Litinin zai je.