Asabar ta ruwa, tsatsa da wata tsohuwar Okapi

Ruwan da aka fara tun kafin assalatu bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe goma, irin yayyafin nan mai naci da Kaduna ta saba da shi a watan Agusta. Niyyar kai mota wurin bakanike ta rushe. Sai na sauko da gwangwanin da nake ajiye wuƙaƙena daga saman durowa, na shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tabarma, na zazzage su.

Ba su da yawa, kuma babu mai tsadar a zo a gani. Duk wuƙaƙen aljihu ne masu naɗewa, duk kuma na baƙin ƙarfe, wanda masu harkar ke kira ƙarfen kabon. Kabon ɗin da ke cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma shi ke sa ƙarfe ya yi tauri ya riƙe kaifi. Abin da ba shi da shi shi ne sinadarin kuromiyom. Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokulanmu, sai an zuba masa kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ke yi masa wata siririyar riga da danshi ba ya ratsawa. Tun 1913 wani Bature mai suna Harry Brearley ya fito da shi a Sheffield ta Ingila, kuma yau yawancin wuƙaƙen da ke kasuwa da shi ake yin su. Nawa dai tsirara suke, damina kuwa ba ta yi musu sassauci.

Wadda ta fi shan wuya a wannan karon ita ce Douk-Douk. Jan tsatsa ya fito mata daidai gindin ruwan wuƙar, inda yake shiga mariƙi. Ba mamaki, domin mariƙinta ma ƙarfe ne, falle ɗaya da aka ninke, babu itace ko kaɗan, kuma danshi na samun wurin kwana a cikin ninkin. Kamfanin Cognet na garin Thiers a Faransa ya fara yin ta a 1929 da nufin sayarwa a tsibiran Melaneshiya da ke tekun Pasifik, shi ya sa aka zana mata wani dodon can a jiki. Kasuwar can ba ta karɓe ta ba, aka juyo da ita Afirka ta Arewa, ta samu shiga, daga nan ta gangaro ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Tawa ma wani ɗan'uwa ne ya zo mini da ita daga Nijar.

Na ɗiga mata man keken ɗinki na bar shi ya jiƙa, sannan na bi wurin da soson ƙarfe mai laushi a hankali. Cikin ninkin kuwa tsinken sakace na naɗe da ƙyalle na zura. Jan ya tafi, ya bar ɗan tabo baƙi, na ƙyale shi haka.

A nan ne uwargida ta shigo da shayi, ta tsaya tana kallon Opinel ɗina da ruwanta ya yi toka-toka da shuɗi.

"Malam, wannan kam ka ba ni in dirje maka ita da toka. Da ita fa kake yanka wa yara lemo."

Na ce mata ta rufa mini asiri. Wannan launin na daɗe ina tara shi, da albasa da lemun tsami da mangwaro da naman layya. Tsatsa iri biyu ce. Ja tana da burtsi-burtsi, tana tsotsar ruwa, tana ci gaba da cin ƙarfe har ta yi rami. Baƙar kuwa lafewa take yi a jikin ƙarfen, ta tsaya nan, ta rage wa jar wurin kamawa. Sabuwar wuƙar kabon takan bar ɗan ƙarni a bakin mutum, takan kuma baƙanta albasa. Da zarar ta yi wannan launin sai abin ya ragu sosai. Wasu ma ba sa jira, sukan tsoma sabuwar wuƙa a ruwan kal ko su soka ta cikin lemun tsami su bar ta na ɗan lokaci. Ni ban cika son haka ba. Launin yakan fito bai ɗaya, ba ya nuna abin da wuƙar ta yi a rayuwarta.

Ta ce ita dai abin da ta sani, wuƙa mai tsabta fara ce. Ta ajiye shayi ta fita. Ba ta yarda ba, ni ma ban sa ran za ta yarda ba.

Ita Opinel ɗin matsalarta daban. Ta ƙi buɗuwa. Mariƙinta itace ne, ya sha danshi ya kumbura ya matse ruwan wuƙar, farce ba ya iya ciro shi. Maganin tsoho ne, mutanen yankin Savoie na Faransa inda Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890 sun san shi: ka riƙe ta ta wajen zobe, ka buga ƙarshen mariƙin a kan abu mai tauri, sai bakin ya leƙo. Na buga a ƙafar kujera, ya fito. Zoben da ake murɗawa ya kulle ta sai a 1955 aka ƙara shi. Tawa lamba 8 ce, tsawon ruwanta santimita 8.5, daidai aljihun kaftani. Abin dariya, wannan wuƙar da ta ƙi buɗuwa yau, idan hunturu ya kankama a Disamba itacen zai bushe ya saki har ta riƙa karkaɗa. Shekara guda, hali biyu.

Maganar mai. Duk wadda ba ta taɓa abinci, man keken ɗinki ya ishe ta. Wadda ake yanka abin ci da ita kuwa farafin na ruwa nake shafa mata, wanda ake sayarwa a kemis, ba shi da wari ba ya kuma lalacewa. Man gyaɗa yana maganin ranar, amma in aka ajiye wuƙa da shi na watanni sai ya yi danƙo ya fara hamami, mahaɗin ya cije. Kube na fata ma ba wurin ajiya ba ne da damina, domin fata na riƙe danshi, kayan jima da ke jikinta kuma na cin ƙarfe. A gwangwanina nakan zuba 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Yau na sauya su.

Bayan azahar gari ya washe. Na hau Keke zuwa Tudun Wada, niyyata in samo sabon dutsen washi, nawa ya yi kwari a tsakiya. Hanya duk taɓo. Ban ɗauki wuƙa ko ɗaya ba, kuma ba na yi in zan shiga cikin gari. Garin da aka sha fama da 'yan sara-suka, ba kowane jami'i a shingen bincike zai tsaya sauraron bayanin cewa kai mai sha'awar tarawa ne ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wuƙaƙena aikin gida da gona suke yi.

A gefen Kasuwar Barci na tsaya gaban wani dattijo da ya baza tarkace a kan buhu: kwaɗuna marasa makulli, tsofaffin agogo, sifana, kan risho. A cikinsu na hango zobe a bayan wani mariƙi mai launin goro. Gabana ya faɗi, amma na daure na fara taya wani kwaɗo tukuna, kada ya ga zumuɗina.

Okapi ce. Mariƙin itace da adon wata da taurari na ƙarfe, ɗaya daga cikin taurarin ya fita. Na ja ta a hankali, ta yi ƙarar nan tata, ƙar-ƙar-ƙar, kafin ta kulle. Na goge gindin ruwan da babban yatsa da ɗan yawu, sai ga hoton okapi, dabbar da wuƙar ta ci sunanta, ga kuma rubutun da ke nuna a Jamus aka yi ta. A Solingen aka fara yin Okapi a 1902 domin kasuwannin Afirka, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ke nan in tambarin nan gaskiya ne, wannan wuƙar ta girmi yawancin samarin da ke tura baro a kasuwar. Na ce in gaskiya ne, saboda jabun Okapi sun cika gari, masu ƙyalli, da sifirin da ke saki bayan 'yan watanni. Wannan kuwa tsatsarta ma shaida ce, kuma wasawar shekaru ta cinye cikin ruwan har ya ɗan rame.

"Baba, nawa wannan?"

"Alhaji, ai ka san abin da ka ɗauka. Irin ta mahauta ce ta da. Yanzu ba a yin su."

Ana yi, amma ban yi masa gardama ba. Muka ja ciniki, ya ce albarka, na yi kamar zan tafi, ya kira ni. Na biya abin da bai kai kuɗin cefanen yini ba, ya naɗe mini ita a takarda, na cusa can ƙasan jaka.

Dutsen washi ban samu mai kyau a nan ba, sai na wuce Panteka. Na same shi a wurin masu kayan kafinta, mai fuska biyu, gefe mai kaushi gefe mai laushi. Ina fitowa na tsaya wurin wani maƙeri da na saba gaisawa da shi, yana ƙera wuƙaƙen fawa da sifirin tsohuwar mota. Ƙananan kuma da mataccen magagari yake yin su. Duka biyun ƙarfen kabon ne mai kyau, wato abin da nake nema daga Faransa da Jamus yana nan ana bugawa a kan uwar maƙera, naɗewa ce kawai ba ya yi. Na tsaya na ga yadda yake gasa ƙarfe har ya yi jajawur, ya tsoma a baƙin mai, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan har ya ɗauki launin kara don kada ya yi gautsi. A littafi an ce idan ƙarfe ya kai zafin digiri 770 maganaɗisu ya daina kama shi, daga nan ake gane an kusa. Shi da ido yake ganewa, yana yi yana hira da yaron da ke juya masa zuga-zugi.

Na nuna masa Okapin. Ya gwada bakin a farcensa, ya ce, "Yallaɓai, ƙarfe ne na gaske. Amma kada ka kai wa masu inji." Abin da nake faɗa wa kowa ke nan. Dutsen inji yana gudu da sauri, bakin wuƙa siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Da ka ga ya yi shuɗi to taurin ya tafi, wuƙar za ta yi kaifi yau ta dakushe gobe, sai an cinye wurin gaba ɗaya kafin a kai ga lafiyayyen ƙarfe.

Da magariba na biya wurin mai tsiren unguwarmu. Ina jira ina kallon wuƙarsa. Baƙa ƙirin, ta sha washi har ta zama siririya kamar ganyen rake, kuma babu ɗigon jan tsatsa a jikinta, a wannan watan da nawa ke fama a cikin gwangwani. Na tambaye shi me yake shafa mata. Ya yi dariya ya ce, "Oga, me zan shafa? Kitse ne, da aiki." Yana yanka, yana gogewa a ƙyalle, yana ɗan ja ta a bayan wata wuƙar. Kullum haka. Na lura ma a gida, wadda nake yawan ɗauka ba ta taɓa ba ni wahala ba. Waɗanda nake ji da su nake ɓoyewa su ne tsatsa ke bi. Shi ya sa ban ga amfanin tara wuƙa hamsin a garin da ake ruwa wata biyar zuwa shida ba, sai dai in mutum ba shi da wani aikin.

Bayan isha'i aka kawo wuta, na zauna da Okapin. Na jiƙa mahaɗin da mai, na yi ta buɗewa da rufewa har baƙin ruwa ya daina fitowa. Jan tsatsa na cire shi da sandfefa mafi laushi, baƙin na bar shi inda yake. Akwai ƙananan ramuka kusa da tsini, ba za su fita ba sai an ci ƙarfe da yawa, ban taɓa su ba. Sannan na jiƙa sabon dutse na fara washi, ina ɗaga bayan wuƙar kaɗan, kusan digiri 20, ina bin gefe ɗaya har na ji ɗan ƙaiƙayi ya lanƙwaso ta ɗaya gefen, na juya. Nan ne daɗin ƙarfen kabon yake. Ba ya gardama da dutse, kowane dutse. Na gama da bayan tsohon bel na fata, ta aske gashin hannuna.

Babban ɗana yana gefe yana kallo tun ɗazu. Ya ce, "Abba, a ba ni ta Faransar nan tunda ka samu wata." Na ce sai ya gama makarantar kwana, yanzu ko a jakarsa aka gan ta kora ce. Amma na ba shi ya shafa wa sauran mai, na nuna masa yadda ake riƙe zoben Okapi a ja sifirin kafin a rufe, yatsu nesa da hanyar baki.

Sifirin nata ya ɗan yi sanyi, ruwan yana motsi kaɗan hagu da dama. Ranar Litinin in na taso aiki zan kai wa maƙerin nan ya danne ƙusar mahaɗin, in ya so tauraron da ya fita mu ga ko za a samu guntun tagulla a cike wurin.