Godiya Bayan Kammala Karatu a Zariya

Alhamdulillahi. Sakamako ya fito, an sa hannu a kundin bincikena, na kwaso kayana daga Samaru. Na kammala digirin farko a fannin kimiyyar siyasa da hulɗar ƙasa da ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Saƙonnin taya murna sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Yaba kyauta tukuici.

Baba da Umma, da ku zan fara. Karatun da aka ce na shekara huɗu ne, annobar korona ta ci rabonta a 2020, sannan yajin aikin malaman jami'o'i ya ci wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A wannan zaman gidan ne aka fara ƙananan maganganu a dangi, wai mace na zaune me ake jira. Baba bai yi musu da kowa ba, ya ce a bar ta ta ƙarasa abin da ta fara, kuma bai sake ɗaga maganar ba. Umma kuwa ban taɓa komawa makaranta ba tare da ƙullin yaji da dambun nama da ƙuliƙuli a ƙasan jaka ba, ko da watan ya yi nisa. Yaya, da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, kai ka ɗauke min wannan nauyin ba tare da na buɗe baki ba. Allah ya saka muku da Aljanna.

Na shiga aji ɗaya da kunnen da ya saba da labaran rediyo, don tun ina ƙarama tare da Baba muke saurare bayan asuba. Ina da ra'ayi a kan komai, amma a ciki yake tsayawa, ba na iya ɗaga hannu a aji. Malamar da ta raba ni da wannan, ina gaishe ta da babbar murya. Ta shirya mana zaman kwaikwayon taron Tarayyar Afirka a kan madatsar ruwan da Habasha ta fara ginawa a 2011 a kan Kogin Nilu, ta san sarai zuciyata na tare da Habasha, sai ta ce ni ce wakiliyar Masar. Dole na je na tono yarjejeniyar 1959 da ta ba Masar ruwa kubik mita biliyan 55.5 a shekara, na fahimci abin da ke tsorata ƙasar da kusan duk ruwan shanta da nomanta daga kogi ɗaya suke. Ranar na tsaya gaban aji takardar hannuna na rawa, amma na kai ƙarshe. Tun daga nan, in na ji ƙasa ta yi wani abu, kafin in yanke mata hukunci nakan fara tambayar me take tsoro, me take nema.

Sai malamin da ya duba kundina. Jan alƙalaminsa tambaya uku kawai ya sani: wa ya faɗa, a ina, wace shekara? A lokacin har kuka na yi a kansu. Yau ko saƙon WhatsApp aka turo min, su nake fara yi masa. Malam, Allah ya ƙara girma.

Godiyata mafi nauyi tana Jibiya. Na yi bincikena ne a kan rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, lokacin da sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar a Maris, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun juya baya, ficewarsu daga ƙungiyar ta tabbata a Janairun 2025. Wannan kowa ya ji shi a labarai. Abin da ba a littafi na same shi ba, 'yan kasuwa da direbobi da 'yan dako na Magama, garin kan iyaka kusa da Jibiya, ne suka ba ni. Sun shimfiɗa min tabarma, suka ba ni ruwa, suka jure tambayoyin yarinyar da suka haifa. Wani dattijo ya buɗe min littafin bashinsa, tsohon littafin makaranta da aka ɗaure da roba, yana nuna min sunayen abokan cinikinsa na Ɗan Isa da Maraɗi waɗanda kuɗinsu ya maƙale saboda kaya sun lalace a mota. Bai soke sunan kowa ba, ya ce surukansa ne da 'ya'yan aminansa.

A aji mun karanta cewa takunkumi hanya ce ta matsa wa masu mulki. A Magama na ga wanda matsin ya fara isa gare shi, kuma ba mai kaki ba ne. Ra'ayina, wanda na kare a gaban malamai, shi ne duk wanda zai tsara manufa a kan Nijar daga Abuja ko Yamai ya fara sanin cewa sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa mazauninsu a Maraɗi bayan jihadi, kuma layin da Ingila da Faransa suka ja bai raba aure da ciniki ba. Ba banza ba sanatocin Arewa suka ƙi batun tura soja Nijar, aka kuma koma ga sulhu ta hannun tawagar Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi da ta malamai. Gwaggo ta Maraɗi, ke kika haɗa ni da matan da ke sayar da kaya a can, kika riƙa turo min muryoyinsu ta waya. Babin nan na huɗu naku ne.

Ƙawayena na ɗaki, da muka raba risho ɗaya da kujerun laburaren Kashim Ibrahim a lokacin jarrabawa, na gode. 'Yan ajinmu da muka sha cacar baki a kan Gaza da Yukiren da zaɓen 2023 amma muka tashi muka ci abinci kwano ɗaya, na gode. Bawan Allahn da ke buga mana takardu, wanda yakan ce in kawo kuɗin in an turo min daga gida, ban manta ba.

Akwai ɗan ajinmu da ya rasu muna aji uku. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, Allah ya jiƙansa da rahama.

Wanda bai ga kansa a nan ba ya yafe min, haka duk wanda na ɓata wa rai. Yanzu jiran kiran bautar ƙasa nake yi, a taya ni addu'a Allah ya zaɓa min inda ya fi alheri.